Wankan Jegon Yarinyar Nan

Litinin 4 ga Agusta, da hantsi

Yarinyar nan ta sauka jiya, an samu namiji. Ita da shi lafiya lau, alhamdu lillahi. Yau da asuba na ɗora tukunyar wanka ta farko.

Lokotoron Yamai, likitan da ke duba ni, shi ya ce in riƙa rubuta abin da na ci da abin da cikina ya yi. To ga shi: kunu ba nono, farar shinkafa, ciki ya yi shiru. Sauran abin da zan rubuta kuwa ba shi ya sa ni ba.

Ɗiyata ce ta fari, ban taɓa kiran sunanta ba, haka muka taras ana yi. Ranar da aka yaye ta gwaggonta ta goya ta sai Agiye. Can ta girma, can aka ɗaura mata aure da Garzali na Cadakori. Gwaggon take ce wa Inna, ni kuwa Yaya Delu, yadda ta ji ana kira na. Da Allah bai karɓi ran gwaggon bara ba, da a Agiye za a yi wankan nan, ni sai dai in je barka in zauna bakin ƙofa kamar baƙuwa. To ga shi ya faɗo mini nan Gazawa. Kwana arba'in tana ɗakina, ni ce mai dafa ruwa, ni ce mai yi mata wanka, ni ce mai dama kunun kanwa. Tunda aka yaye ta ban taɓa samun ta ko na mako guda ba.

Ya Allah ka riƙe mini cikin nan har arba'in. Bayan nan ya yi abin da ya ga dama.

Laraba 6 ga Agusta, bayan la'asar

Itace duk ya jiƙe, hayaƙi ya isheni. Ruwan wanka safe da yamma, daga famfo nake ɗauko shi, gwiwata ta hagu ta fara ƙorafi. Ganyen bedi dai, dogonyaro ke nan, ba a saye, ga shi nan ƙofar gida.

Yarinyar nan ba ta san da ciwon cikina ba. Basira ƙanwata kaɗai ta sani, ita ta raka ni Yamai waccan shekarar da gudawa ta kusa ƙarar da ni. Lokotoro ya zura na'ura ya duba hanjina, ya ce tas yake, ido bai ga komai ba. Sai da suka tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero suka sa a madubinsu mai ƙara wa abu girma, sannan suka ga kumburin. Kolit mikroskopik ya kira shi. Ya ce ba a ɗaukarsa, ba ya kuma zama daji, amma yana tafiya yana dawowa. Ya hana ni nono da maiƙo da shayi mai ƙarfi. Ya kuma ɗaga mini yatsa ya ce ko gwiwa za ta kashe ni kada in kuskura in sha ƙwayar ciwon jiki ta masu tire, ita ce ke tayar da shi.

Wa zan tsaya in yi wa wannan dogon bayani a unguwar nan? A wajen mutane gudawa dai gudawa ce.

Butata daban, sabuluna daban, kwanona daban. Yaron ban ɗauke shi ba tukuna. An ce ba a ɗauka, na ji, amma ɗan abin nan ko tsawon hannuna bai kai ba.

Juma'a 8 ga Agusta, da azahar

Gwiwa ta kumbura. Mai tiren magani ya wuce ta ƙofar gida, ya tsaya ya sha ruwa.

Juma'a, bayan magariba

Na yi jigilar ruwan yamma ban ji ko ɗigon ciwo ba. Basira ta ce yau Yaya kin zama budurwa. Na yi dariya na bar maganar.

Lahadi 10 ga Agusta, bayan la'asar

An yi suna. Mutanen Cadakori sun zo mota cike. Garzali ya maida wa yaro sunan marigayi maigidana, Allah ya saka masa da alheri, sai dai shi ma ga sunan da bakina ba zai iya ɗauka ba. Gida ya cika da mutanen da ba ni da damar kira.

Hajiya Husaina, uwar Garzali, mace ce mai kirki, ba zan ci amanarta ba. Ta zo da fura da nonon shanunsu, ta dama da hannunta, ta tsallake mata duka ta miƙo mini ludayi. Ta ce, “'Yar uwa, ke kika yi wahala, ke za ki fara.”

Ido ya yi mini yawa. Suruka ta miƙo abu da hannunta gaban jama'a, in ce mata mi? Na sha. Ta ƙara, na sha. Basira tana can gefe tana zare mini ido, na yi kamar ban gan ta ba.

Furar ta yi daɗi, wannan ma gaskiya ce. Rabona da nono har na manta ɗanɗanonsa.

Litinin 11 ga Agusta, bayan asuba

Ya dawo.

Talata 12 ga Agusta, da hantsi

Ruwa ne zalla, ba jini, ba zazzaɓi, yadda ya saba. Ba ya sallama, sai dai kawai in ji ciki ya murɗa, in ban kai bayi cikin lokacin da za a ɗaura ɗankwali ba to an gama. Na daina sa takalmi mai maɗauri. Buta ba ta rabuwa da ruwa, na ajiye ta inda hannuna zai kai.

Sauran baƙi sun tafi, Hajiya ta ce za ta ƙara kwana biyu ta ga jikanta. Tabarmarta tana fuskantar hanyar bayi, kuma ba makauniya ba ce.

Yau ina dawowa ta ce, “'Yar uwa, lafiya kuwa? Tun safe nike ganin ki da buta.”

Na ce kanwa ce, na ɗanɗani kunun mai jego ya fi ƙarfina.

Ta kalli hannuna. Can ta ce, “Shekarar da aka yi amai da gudawa, jikata Saliha da safe tana wasa gindin turmi. Kafin la'asar mun rufe ta. Haka uwar goyonta ta ce mini, wai kanwa ce.”

Na ce Allah ya jiƙanta. Na shiga madafa na tsaya riƙe da muciya ban san abin da na shigo yi ba. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Alhamis 14 ga Agusta, bayan azahar

Hajiya ta tafi. Kafin ta hau kabu-kabu ta ja yarinyar nan ɗaki sun daɗe, da ta fito ba ta karɓi ƙullin ƙuli-ƙulin da na yi mata ba, wai kaya sun yi mata yawa.

Na leƙa tsummokaran yaron kafin a wanke, na kuma leƙa na cikin baho. Kashinsa ruwa-ruwa ne, rawaya. Na haifi biyar, na san haka kashin jariri mai shan nono yake. Na sani. Amma na koma na sake dubawa, har yarinyar nan ta ce, “Yaya Delu, wani abu kike nema?” Na ce a'a.

Hannuna ya fara tsagewa don wanki da sabulu. Kunun kanwa da tsumma nake riƙe ludayin.

Abinci: shinkafa. Ta wuce kamar ba ta shiga ba.

Asabar 16 ga Agusta, da hantsi

Basira ta ritsa ni a madafa ta kira lokotoron Yamai da salularta, ta manna mini a kunne. Ya tambayi abin da na ci, na gaya masa furar. Ya ce nono na iya tsananta shi, amma shi bai yarda fura kaɗai ta yi wannan aikin ba. Ya ce, “Mama, gwiwar fa? Mi kike sha mata?”

Na ce layin ba ya da kyau.

Ya ce layin lafiyarsa lau, in zubar da ƙwayoyin yau. In riƙa shan ruwan gishiri da sukari, in na ji jiri ko fitsari ya ɗauke in tafi likita a ƙara mini ruwa, ban da taurin kai. Maganin da ya kwantar da shi wancan karon babu shi a farmasin Maradi, Basira ta riga ta aika an duba. Ya ce zai sa a nemo a Yamai a ba motar safe, in Allah ya sa an samu.

Basira ta kwance bakin zanena da kanta ta kwashe ƙwayoyin ta jefa a masai. Ta ce daga yau ita za ta riƙa kawo ruwa. Sannan ta ce, “Yaya, ki gaya wa ɗiyarki.”

Na ce da wane bakin? Wadda ko sunanta ban iya kira ba, in zauna in yi mata zancen bayi?

Ta ce, “To ki zauna da kunyarki, ki ga inda za ta kai ki.” Basira tun tana ƙarama bakinta ba linzami.

Litinin 18 ga Agusta, bayan la'asar

Ina tsakar yi mata wanka, ganye a hannuna, ruwa na tururi, abin ya zo. Na bar ta a tsugune na fita. Da na dawo ruwan ya huce, ta rufa da zane tana rawar ɗari. Mai jego da ruwan sanyi, a gidan uwarta.

Ta ce, “Yaya Delu, in wahala na ɗora miki, ki faɗa mini.”

Na ce ba wahala. Na sake hura wuta.

Na wanke zane biyu yau, na shanya bayan ɗaki inda ba a gani. Ba zan rubuta dalili ba.

Talata 19 ga Agusta, da azahar

Maganin bai zo ba. Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yaron ya yi ta kuka uwarsa tana banɗaki, na tsaya a kansa ina jijjiga katifar da gwiwar hannu har ta fito.

Laraba 20 ga Agusta, bayan la'asar

Ba laɓe na yi ba, ina tankaɗe ne bayan taga, ita kuma tana magana da mijinta a salula. Ga abin da na ji.

“Ni ban ga amai ba, Hajiya ce dai hankalinta bai kwanta ba. Ba wannan ne ya dame ni ba. Ko sau ɗaya ba ta ɗauke shi ba. In na miƙa mata sai ta ce hannunta da gari. Kwanonta ma daban take ajiyewa, kamar muna da ƙazanta.” Sai muryarta ta canza. “Da Inna na da rai da ba haka ba. Ku zo ɗin kawai.”

Ranar Asabar za su zo.

Na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, na sake zuba wanda na riga na tankaɗe. Ashe duk abin da nake yi don in tsare mata ɗa, ita ƙi take gani. Kuma don mi ba za ta ga haka ba? Mace ta ba da ke kina jaririya, ba ta taɓa kiran sunanki ba, yanzu ga ɗanki ta ƙi taɓawa.

Ba a tambaye ni ba ranar da aka goya ta zuwa Agiye. Nono na zuba na koma ɗaki na rufe ƙofa, aka ce madalla da Delu, akwai kunya.

Alhamis 21 ga Agusta, da hantsi

Ta fara ninke kayan yaron tana sawa a jaka.

Juma'a 22 ga Agusta, bayan azahar

Ban ci komai ba tun jiya, ruwan gishiri da sukari kawai, don gobe cikin ya zama ba abin da zai fitar. Na san lokotoro zai yi faɗa, shi dai ba shi da suruki a gabansa gobe.

Ina ta shirya maganar a zuci. Hajiya, ciwo ne da ni, ba irin wancan ba ne. Sai in kai nan in tuna Garzali zai kasance a tsugune gabana kansa a ƙasa, maganar ta watse. Uwar mata ba ta ko cin abinci gaban mijin ɗiyarta, balle wannan.

In suka tafi da ita ba za ta sake zuwa wanka gidan nan ba. Haihuwar fari kaɗai ake kawowa. Sai dai gaisuwar salla, ta tsaya daga tsaye ta ce Yaya Delu ina wuni.

Na yi mata wankan yamma. Na daɗe ina gasa mata baya, har ta ce ya isa.

Asabar 23 ga Agusta, bayan la'asar

Wannan kam sai na rubuta shi.

Da hantsi suka iso da motar haya, Hajiya da Garzali da direba. Garzali ya cire takalmi ya tsuguna ya gaishe ni. Hajiya ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, “'Yar uwa, ba raini ya kawo mu ba. Kin yi ƙoƙari. Amma na ga abin da na gani, kuma na rufe ɗaya, ba ni iya rufe biyu. Ki bar mu mu ƙarasa wankan ga a Cadakori.”

Basira ta taka mini ƙafa. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai cikin da ba komai a cikinsa ya murɗa, na ɗauki buta na wuce su duka ba ko uffan, su kuma suka ɗauka amsata ke nan.

Ina tsugune bayan zana ina jin komai. An fitar da jaka. An fitar da baho. Basira na cewa ku dakata mana ta fito, Hajiya na cewa rana na yi, hanya ba kyau. Na yunƙura in tashi, abin ya maida ni. Na ji an rufe bayan mota. Na ji direba ya tayar.

Na ce, “Zaituna.”

Ga shi na rubuta ma. Zaituna.

Ba wanda ya motsa. Ina jin ba ta gane ba, ba ta san yadda sunanta yake a bakina ba. Na sake kira da duk ƙarfin da ya rage mini, har maƙwabta sun ji. Motar ta mutu. Sai takun ƙafa a hankali, irin na mai jego, ya zo ya tsaya bayan zanar. Ina ganin yatsun ƙafarta ta ƙasa, da lallen suna da bai gama fita ba.

Daga nan inda nake na gaya mata duka, ban rage murya ba. Na ce ciwo ne a hanjina shekara da shekaru, ga abin da likitan Yamai ya gani, ga abin da ya ce, ba a ɗauka. Na ce ƙwayar gwiwa na sha don in iya ɗauko ruwan wankanki, ita ta tayar da shi, furar Hajiya ta ƙarasa. Na ce na san ba a ɗauka amma tsoro ya hana ni taɓa yaron, kullum gani nake zan kashe miki shi. Na ce ba ƙinsa nake ba. Na ce ke ma ban taɓa ƙinki ba, ko na yini ɗaya.

Surukina ya ji, direba ya ji, ni Delu ina bayi.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, “Akwai ruwa a butar?”

Na duba, na ce ya ƙare.

Ta tafi ta cika wata ta turo mini ta ƙarƙashin zana. Ina ji ta ce wa mijinta, “A sauke kayan.”

Da na fito Garzali ya ɓace, wai ya je duba taya. Basira ta kira lokotoro ta ba Hajiya, suka daɗe, Hajiya na ta cewa to, to, fuskarta ba ta saki ba. Da ta gama ta ce ita ba ta san ciwon da ido ba ya gani ba, amma tunda yarinya ta ƙi tafiya, ita ma ba inda za ta. Ta sa aka sauke tabarmarta. Ta ce daga yau ita ke girki da kunu, ni in tsaya ga wanka. Ban yi musu ba.

Litinin 25 ga Agusta, da hantsi

Duk unguwa ta ji. Matar da ke kawo mini kuka da daddawa yau daga ƙofa ta tsaya ta miƙo. Na je likita jiya an ƙara mini ruwa, Basira ta kai ni.

Hajiya na duba tsummokaran yaron safe da yamma. Ni ma ina dubawa in ta juya baya. In ya yi atishawa sai mu dubi juna.

Laraba 27 ga Agusta, bayan azahar

Maganin ya iso jiya a motar safe. Lokotoro ya ce kada in sa rai yau ko gobe, sai a hankali. Ciki dai yana nan yadda yake, ya ɗan rage da rana. Kunu ba nono, shinkafa, ayaba ɗaya.

Har yanzu Yaya Delu take ce mini. Ni ma ban sake kiran sunan ba, ya koma inda ya fito. Amma kowace safiya ina samun butata cike a bakin ƙofa, kuma ba Basira ke cikawa ba.

Ɗazu bayan wanka na wanke hannu na zauna a tabarma ina shan iska. Ta fito da yaron, ba ta tambaye ni ba, ta ɗora mini shi a cinya ta koma ɗaki. Hajiya na bakin murhu ta tsaya da ludayi a hannu. Zuciyata kamar ta fito. Na riƙe hannuwana sama, can dai na ga zai gangara, na tare shi.

Ba shi da nauyi ko kaɗan. Goshin marigayi ne sak. Na ce, “Kai maigida, sai yau ka ga damar zuwa wajen matarka? Ina cefane?”

Ya yamutsa fuska, ya yi miƙa, sai na ji ɗumi yana bin cinyata har ƙasa. Gabana ya faɗi, na ɗaga shi da sauri na duba. Fitsari ne, nasa.

Hajiya ta ce, “To, ya biya cefanen,” ta koma ga tukunyarta.

Zanen na wanke shi, na shanya a igiyar tsakar gida.